Mutumin Da Ya Binne Zanensa A Cikin Yashi

'Yan uwana mata, manya da ƙanana, musamman ƙannena 'yan makaranta masu ɓoye wannan mujalla a tsakiyar littafin lissafi. Na san da yawanku ci gaban labarinmu na wancan watan kuka buɗe nema, to ku yi mini afuwa, yau ba soyayya na kawo ba. Wani abu ne ya faru a gidanmu a Fagge ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi, na ga in ban amayar da shi ba, alƙalamina ba zai koma kan wancan labarin ba.

Ina da ƙanwa, ita ce autarmu, tana aji biyu na babbar sakandare. Tun tana firamare ba a haɗa ta da biro da takarda a rabu lafiya. Bayan kalanda, kwalin sabulu, gefen jaridar da aka ƙunso ƙosai, duk sai ta cika su da wasu 'yan layuka ƙanana kamar sawun kiyashi, wannan ya shiga cikin wancan, wancan ya naɗe ya fito ta wani gefen, har ki rasa inda ta faro. In Sallah ta matso kuwa tsakar gidanmu ya zama na 'yan mata, kowa ta miƙo hannu Auta ta yi mata lalle, kuma ban taɓa ganin ta maimaita zane ɗaya a hannu biyu ba. Wannan kowa yana yabawa. Amma da zarar zanen ya bar tafin hannu ya hau takarda, sai ya koma sunansa shashanci.

Ran nan sai ga ta ta dawo daga makaranta ido ya yi luhu-luhu. Ashe wata malamarsu ce ta karɓi littafin lissafinta, ta juya baya ta tarar da shafi goma sha ɗaya babu lissafi ko ɗaya sai zane. A gaban 'yan aji ta yage su, ta yi mata bulala, sannan ta haɗo ta da takarda zuwa gida. Baba da ya karanta bai yi faɗa da yawa ba, shi dama ba mai hayaniya ba ne, cewa kawai ya yi a tattaro duk takardun da ke ƙarƙashin katifarta a zuba a murhu. Inna ta ce to, ta tattara, ta faki ido ta cusa su a cikin tsohuwar kwallarta ta aure, ta ƙona wasu tsofaffin jaridu don hayaƙi ya tashi.

Abin kunyar, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, ni ma bayan Baba na bi. Har da ni a masu cewa, "Ke Auta, zane ne zai ci miki jarrabawa?" Ni fa, wadda aka sha yi wa duka a kan rubuta labari a bayan littafin Turanci, wadda littafina na farko a ɗakin girki na gama shi da fitilar waya. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Yaya, har da ke?" Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Bayan kamar mako biyu na ja ta ta raka ni Sabon Gari, don dai in wanke laifina da ɗan yawo da tsire. Littafina na huɗu nake son bugawa, kuma duk da yanzu karatu ya koma waya, ni na ƙudurta sai na ga wannan a takarda. Muka bi ta Kantin Kwari muka kutsa cikin 'yan dako, muka ɓulla Bata, muka shiga layin masu kwamfuta neman bango. Ke dai bari. Yaro ya jero mini fuskokin 'yan matan Indiya da na Turkiyya ya ce in zaɓa, zai ɗora mata gyale. Da na yatsina fuska ya ce ai ba damuwa, yanzu na'ura ake gaya wa ta ƙirƙiro budurwa. Na tuna akwatin Inna mai cike da littattafan zamaninsu, na su Hajiya Balaraba Ramat da Ado Gidan Dabino, lokacin da hannun ɗan Adam ke zana bango. Wani zanen ma hancin ya karkace, amma kina gani kin san mutum ne ya zauna ya yi.

Muna cikin wannan ciniki, Auta ta samu benci a ƙofar shagon da ke kusa ta zauna, ta juya rasit ta fara halinta. Mai shagon wani dattijo ne mai rubuta allunan shaguna, ba Bahaushe ba ne amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Ya daɗe tsaye a kanta da burushi a hannu, fenti yana ɗiga, ita ba ta ma sani ba. Can ya ce, "'Yata, wa ya koya miki?" Ta ce, "Babu kowa, Baba." Ya shiga ciki ya yi ta birkita wani kwali, ya fito da wani tsohon littafi da bangonsa ya fita. Fassarar Turanci ce ta labarin auren Zain, na shahararren marubucin Sudan Ɗayyib Salih, da 'yan zane-zane baƙi da fari a cikinsa. Ya ce, "Wanda ya yi waɗannan sunansa Ibrahim El-Salahi. Da allo ya fara kamar ku. Ki je ki neme shi."

Daren nan da washegari duk kuɗin data na a kan bawan Allahn nan suka ƙare, ni ina karantawa, Auta tana leƙe ta kafaɗata tana cewa in matso da hoton.

An haifi Ibrahim El-Salahi ranar 5 ga Satumba, 1930, a Omdurman, garin da ke tsallaken kogin Nilu daga Khartum. Sudan kuwa ba baƙuwar ƙasa ba ce gare mu, ta nan kakanninmu suke bi a ƙasa zuwa Makka, da yawa kuma suka zauna can, har akwai gari guda mai suna Mai Wurno da mutanenmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mahaifinsa malami ne mai makarantar allo, irin wadda su can suke kira khalwa, a nan yaron ya koyi riƙe alƙalami da tawada. Kun san zayyanar da ake yi wa allo ranar sauka, da ja da kore da rawaya, gida-gida kamar ɗinkin hula? To su ma suna da irinta, sharafa suke ce mata, kuma ita ce zanen farko da idonsa ya buɗe a kai. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa.

A 1949 ya shiga sashen koyon zane na Kwalejin Gordon a Khartum, daga nan gwamnati ta tura shi Landan, ya yi karatu a makarantar zane ta Slade daga 1954 zuwa 1957. Ya koyo duk abin da Bature ke koyarwa: yadda ake zana mutum ya fito sak, yadda ake sa inuwa, yadda ake sa abu na nesa ya ƙanƙance. Ya dawo gida ƙasarsa na da shekara ɗaya da samun 'yanci, ya kama koyarwa a kwalejin zane, ya shirya nunin ayyukansa a babban otal ɗin Khartum mai suna Grand Hotel. Ranar buɗewa manya suka zo aka sha lemo aka watse. Daga ranar kuma shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Nan ne labarin ya fara kama ni, don na san wannan ciwon. Ki kwana kina rubutu, ki buga da kuɗin adashenki, ki je wajen mai sayarwa bayan wata biyu ki tarar da ƙura ta rufe su. Da yawanmu in haka ta faru cewa muke mutane ba su waye ba. Shi bai ce haka ba. Ya koma yana kallon abin da mutanensa suke ratayewa a ɗakunansu da kansu ba tare da an ce su rataya ba: rubutun Larabci, adon allo, saƙar faifai da tabarma, aikin fata. Sai ya fara sa ɗan rubutun Larabci a kusurwar zanensa, ƙarami kamar kan sarki a jikin ambulan. Ya lura mutane sun fara matsowa su karanta. Ya baza rubutun ya cika fuskar zanen, suka ƙara matsowa. Daga nan sai ya shiga farfasa haruffan kansu, ya ja wutsiyar wannan, ya buɗe cikin wancan, yana duban farin filin da ke tsakaninsu. Shi da kansa ya ba da labarin cewa a nan ne siffofi suka fara fito masa, na dabbobi, na tsirrai, na mutane, daga cikin haruffan da dā rubutu ne kawai.

Bari in ɗan tsaya in kwatanta muku zanen, ko da yake baki ba ya biyan ido. In kika kalle shi daga nesa, abin da za ki fara gani dogayen fuskoki ne sirara, masu manyan idanu zuru-zuru kamar na wanda ya kwana bai yi barci ba, ga jinjirin wata yana yawan leƙowa ta sama ko ta gefe, ga tsuntsu, ga wani abu da za ki rantse harafin nun ne ko sin amma ba ya karantuwa. In kika matso, sai fuskar ta watse ta zama layuka. Abin da kika ɗauka inuwa ce ashe siraran layuka ne jere reras, kusa da kusa kamar zaren saƙa, ba wanda ya hau kan ɗan uwansa. Inda yake son duhu sai ya matse su, inda yake son haske sai ya sassauta, wani wurin kuma ya bar takardar fara fat, farin ya yi aikinsa. A cikin kumatun mutum sai ki tarar da wata ƙaramar fuska, a cikin idonta kuma wani gida-gida irin na zayyana. Ayyukansa na farko masu launi ma ba ya sa launi mai ihu, sai kalar ƙasarsu: ja-ja irin na jan birji, ruwan ƙasa, baƙi, da fari mai dauɗa kamar bangon da ya sha rana.

Auta ce ta gano abin da ni ban gano ba. Ta daɗe tana kallon wani, sai ta ɗora yatsa a tsakiya ta ce, "Yaya, daga nan ya fara." Na ce ta yaya kika sani? Ta ce haka ake lalle, ɗigo ɗaya ake sawa a tsakiyar tafi, shi zai gaya miki inda za ki nufa, in kika fara daga gefe sai kin maƙale. Ikon Allah, da muka ci gaba da karatu sai ga shi kusan haka shi ma yake bayyana aikinsa: daga 'yar ƙwaya ɗaya yake farawa, ba ya zuwa da hoton a kammale a kansa, zanen ne ke tsiro yana binsa.

Shi da abokan aikinsa irin su Ahmed Shibrain aka riƙa kiransu 'yan Makarantar Khartum. Kuma kada wata ta ce harkar maza ce, don a cikinsu akwai mace, Kamala Ibrahim Ishaq, haifaffiyar Omdurman a 1939, tana cikin matan farko da suka gama wannan kwaleji, ta yi karatu a Landan, ta dawo ta shekara da shekaru tana koyar da maza da mata, a 2019 kuma aka ba ta babbar lambar yabo ta Yarima Claus ta ƙasar Holan, wadda shi Salahi ya samu tun 2001. Mu ma nan Nijeriya ba baƙo ba ne. A farkon shekarun 1960 an nuna ayyukansa a ƙungiyar Mbari ta Ibadan, inda su Wole Soyinka da Chinua Achebe suke haɗuwa, har suka buga ɗan littafin zanensa a 1962. A 1966 shi ya jagoranci tawagar Sudan zuwa babban bikin fasahar baƙar fata a Dakar.

Daga nan sai aikin gwamnati ya ja shi. Ya yi aiki a ofishin jakadancin Sudan a Landan, ya dawo ya zama babba a ma'aikatar al'adu da yaɗa labarai a zamanin Shugaba Ja'afar Numeiri. Ga ofis, ga girma. Kwatsam a Satumbar 1975 wasu sojoji suka yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba, aka zargi Salahi da hannu a ciki, aka kwashe shi sai gidan yarin Kobar. Wata shida da kwana takwas ya yi a ciki, ba a kai shi gaban alƙali ba ko sau ɗaya. Duniya kenan, wannan gidan yarin dai shi aka kai Shugaba Umar al-Bashir a 2019 bayan an tumɓuke shi.

A Kobar an hana fursuna riƙe takarda ko abin rubutu, wanda aka kama kuwa kwana goma sha biyar zai yi a ɗakin horo shi kaɗai. To me mai zane zai yi? Ya samu ɗan guntun fensir ya ɓoye. Takarda kuwa, ta buhun siminti ce, irin wadda mai tsire ke naɗe mana nama a ciki mu yar a kwata ko kallo ba ma yi. Sai ya yayyaga ta ƙanana-ƙanana yadda za ta ɓoyu, ya yi ɗan zane a kan wannan, gobe ya yi ci gabansa a kan wancan, in ya ji motsin gandiroba ya tona yashi ya binne. Da na zo nan a karatu sai na ji Auta ta yi tsit. Na waiga na ga hawaye. Ba ta ce komai ba, amma na san kwallar Inna take tunawa.

Abin mamakin, wannan takura ita ta ba shi dabarar da ya rayu da ita daga baya. Tunda ba shi da babbar takarda, ya koyi gina babban zane daga ƙananan gutsattsari, kowanne cikakke ne shi kaɗai, in an jera su kuma su haɗu su zama abu guda. Bayan an sake shi a 1976, yana zaman ɗaurin talala a gida, ya cika wani ɗan littafi da zane 38 na tawada haɗe da rubutu, yana zubar da abin da ya gani a ciki: ƙofofi, sanduna, fuskoki a bayan ƙarfe, tsuntsu. Wannan ɗan littafin, wanda bai fi na aikin gidanku girma ba, babban gidan ajiye zane na MoMA da ke birnin Niyok na Amurka ya mallake shi, an kuma buga shi a 2018 don kowa ya gani.

Bai daɗe ba ya bar Sudan ya koma Doha ta ƙasar Katar yana aikin ma'aikatar yaɗa labarai, ya shekara da yawa kusan ba ya taɓa launi, daga baƙar tawada sai farar takarda. A 1984 zuwa 1985 ne ya yi aikin da ake kira The Inevitable, wato abin da ba makawa sai ya faru. Falle tara ne manya, aka jera uku-uku, in an haɗa su sai su cika bangon babban zaure: jama'a ne cunkus, hannuwa a ɗage, dunƙulallen hannu ko'ina, talakawa sun miƙe wa zalunci. A watan Afrilun 1985 kuwa mutanen Sudan suka fito titi, mulkin Numeiri ya faɗi. Zanen yana gidan ajiye zane na Jami'ar Cornell a Amurka. Ku duba fa, falle tara da ke cika bango, asalinsu 'yan gutsattsarin takardar siminti ne.

A 1998 ya koma Oksfod ta Ingila da zama, a 2013 kuma, yana da shekara 82, gidan Tate Modern na Landan ya yi babban nunin ayyukansa na tsawon rayuwa, karon farko da suka yi wa wani ɗan Afirka irin wannan. Mutumin da aka bar shi shi kaɗai a Grand Hotel.

Amma ni duk ba wannan ne ya fi burge ni ba, bishiyar ce. Da ya tsufa a ƙasar sanyi sai ya koma zana wata bishiya ta bakin Nilu da suke kira haraz, ya yi ta zana ta shekara da shekaru, ba sau goma ba, ba sau ashirin ba. Na nemi hoton bishiyar don in ga wace iri ce, sai na kwashe da dariya ni kaɗai cikin dare. Gawo ne! Gawonmu na gona, wanda ke zubar da ganye da damina lokacin da kowace bishiya ke taƙama da kore, sai rani ya yi tsanani kowa ya bushe shi kuma ya yi lif, awaki su samu 'ya'yansa, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. 'Yan Sudan har cewa suke yi gaba yake da ruwan sama. A zanen Salahi ba za ki ga ganye ko reshe irin na hoto ba. Layi ɗaya ne a tsaye, sai wasu a gicciye kamar matakala, tsakaninsu an cike da siraran layuka masu launi, a miƙe sambal, ɗaya bayan ɗaya, ki ƙirga har ki gaji. Wani ki ce mutum ne a tsaye yana salla, wani ki ce allo ne aka jingina.

Ko da ciwon baya ya kama shi ya hana shi tsayuwa gaban babban allo, wajejen 2016, yana da shekara tamanin da 'yan kai, bai ajiye alƙalami ba. Kwalayen magungunan da yake sha yake warwarewa ya juya cikinsu, daga kan kujerarsa ya cika su da zane, su da tsofaffin ambulan, har suka kai ɗaruruwa. Ya ce in yana zanen yakan manta da ciwon. An nuna su a Landan a 2019, an kuma nuna su a Niyok a 2022. Kwalin magani fa, 'yan uwa, irin wanda ke cike da kwandon shararmu.

Yanzu bari in faɗi abin da ke cina. Duk abin da mutumin nan ya ɗauka ya kai duniya, muna da shi a Fagge, muna takawa muna wucewa. Ku dubi hular da mace ke zama mako da makonni tana ɗinkawa da allura, gida bayan gida, a ƙarshe dillali ya ba ta abin da bai kai kuɗin atamfa ba. Ku dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, ku dubi dagi, ku dubi zanen ƙwarya da na faifai, da wanda ke goshin tsofaffin gidajen cikin birni. Haƙurin layi bayan layi ɗin nan dai shi ne. Mun yarda yarinya ta yi shi a hannun amarya ya goge bayan sati biyu, amma in ta yi shi a takarda inda zai daɗe sai mu ɗauko bulala. Ban ce malamar Auta ba ta da gaskiya a kan lissafi ba, littafin lissafi na lissafi ne. Yagawar ce ban yafe ba, da nawa bakin da na sa.

Ban gaya muku sana'ar Baba ba. Tela ne, aikin wuya da surfani yake yi, shekara talatin yana kan keke a Fagge. Ran Juma'a bayan ya ci abinci ya kishingiɗa, na lallaɓa na zauna gefen tabarma na miƙa masa waya da hoton ɗaya daga bishiyoyin nan, ban ce komai ba. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wannan wane tela ne? Hannunsa ba ya rawa." Na ce ba tela ba ne Baba, mai zane ne, gawo ya zana. Ya sake dubawa ya ce shi bai ga gawo ba, amma aikin ya yi. Na ba shi labarin tun daga allo har kurkuku. Ya ce, "Musulmi ne?" Na ce ɗan malami ne, kuma yakan yi salla kafin ya fara aiki. Ban ɓoye masa ba, na nuna masa masu fuskokin ma. Nan ya ɗaure fuska ya ce wannan maganar malamai ce, shi dai a gidansa ba a zana mai rai.

Sai Inna, wadda ashe tana bakin ƙofa tun ɗazu, ta shigo da kwalla ta dire a gabansa ta buɗe. Na ce yau mun shiga uku. Baba ya dubi takardun, ya dubi Inna, ya ce, "Murhun naki ba ya cin takarda ne?" Ta ce, "Malam, itacen ne ɗanye." Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da fitila, ya bi layin da farcensa kamar yadda yake bin ɗinkin yaransa in yana neman kuskure. Ya ɗauki na biyu. A na uku ya ce a kira ta.

Hukuncin da ya yanke ga shi: ba fuska, ba zane a littafin makaranta, ba zane sai an gama aikin gida. Sannan ya zare guda biyu ya ce zai gwada su a wuyan riga. Auta ta samu baki ta ce tana son in ta gama ta karanta zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, don ta ji suna da sashensa. Ya ce, "Ki ci lissafin tukuna." Bai ce e ba, kada ku ce na ce ya ce.

Bangon littafina dai Auta na ba. Kwana tara ta yi a kansa, bishiya ɗaya ce tsaye da baƙin biro, sunan littafin yana saƙale a cikin rassanta, sai kin matso za ki karanta. Da na tambayi kuɗin aikinta ta ce dozin ɗin biro baƙi da bandir ɗin farar takarda, kuma in daina shiga ɗakinta ba sallama. Na kai wa dattijon Sabon Gari ya gani, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce in gaya mata layukan gefen hagu ta yi gaggawa a kansu, ta sake. Ta yi fushi kwana ɗaya, ta sake.

Mai sayar mini da littafi a Bata kuwa da ya gani sai ya riƙe haɓa. Ya ce, "Hajiya, littafin soyayya ba fuskar budurwa? Wa zai ɗauka?" Na ce a gwada. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya kai shi kusa da ido yana neman sunan, har wani mai wucewa ya tsaya yana leƙe. Ya ce in fara kawo hamsin, in sun kwana wata biyu zan zo in kwashe kayana da kaina.